Birnin Salbador na Bahiya a Idon Maziyarci: Tarken Labarin Gadon Afirka da Gurbin Hausawa a Cikinsa

1.0 Gabatarwa

Bahaushe na cewa gani ya kori ji. Wannan magana ita ce jarin duk mai sana'ar yawon buɗe ido, domin abin da yake sayarwa ke nan: a zo a gani da ido. Sai dai tsohon birni ba ya nuna kansa da kansa. Akwai masu zaɓar unguwar da za a gyara, da ginin da za a shafa wa fenti, da labarin da ɗan jagora zai bayar, da wanda zai tsallake. Ke nan ziyarar birni irin wannan matani ce da aka tsara, kuma ana iya yi mata tarke kamar yadda ake yi wa littafi.

Wannan takarda ta ɗauki birnin Salbador, hedkwatar jihar Bahiya da ke gaɓar tekun Atalantika a ƙasar Barazil, domin yin irin wannan tarke. An zaɓe shi ne saboda dalilai biyu. Na farko, shi ne birnin da ya fi kowane shahara a nahiyar Amurka wajen tutiya da gadon Afirka. Na biyu, Hausawa sun zauna a cikinsa a ƙarni na 19, sun yi magana da harshensu a titunansa, har sun yi tawaye fiye da sau ɗaya. Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne, Afirkar da ake nuna wa baƙo a Salbador gaskiya ce amma ba cikakkiya ba ce, kuma ɗalibin Hausa da ke son cike giɓin yana fuskantar haɗarin maye gurbin wata tawayar da wata, idan bai bi hujja sau da ƙafa ba.

2.0 Abin da Ake Nuna wa Baƙo

Turawan Fotugal ne suka kafa Salbador a shekarar 1549 a ƙarƙashin gwamna Tomé de Sousa, kuma shi ne babban birnin Barazil har zuwa 1763, lokacin da aka mayar da mulki Rio de Janeiro. An gina shi hawa biyu. Akwai birnin sama a kan tudu, inda fadar gwamna da manyan majami'u suke, akwai kuma birnin ƙasa a bakin ruwa, inda tashar jiragen ruwa da rumbunan ƴan kasuwa suke. Tun 1873 ake hawa da sauka tsakaninsu ta wata hasumiya mai na'urar ɗaga mutane da ake kira Elevador Lacerda. Arzikin birnin ya ginu ne a kan rake da taba, kuma bayi daga Afirka ne suka noma su har zuwa 1888 da aka soke bauta a Barazil. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanen birnin sun kai kimanin miliyan 2.4, kuma sama da kashi 80 cikin 100 sun bayyana kansu a matsayin baƙaƙe ko masu ruwa biyu.

Hanyar da aka saba bi da baƙo sananniya ce. Ana farawa da tsohuwar unguwar Pelourinho, wadda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 1985. A nan zai ga gidaje masu launi iri-iri, da majami'ar São Francisco da aka lulluɓe cikinta da ruwan zinariya, da majami'ar Rosário dos Pretos wadda ƙungiyar baƙaƙen fata, bayi da ƴantattu, suka gina wa kansu a ƙarni na 18. Zai ji gangunan ƙungiyar Olodum da aka kafa a 1979. Zai kalli wasan kafuwera, wanda rabinsa rawa ne rabinsa kokawa. Zai sayi akaraje a hannun mata masu fararen tufafi da ɗaurin kallabi, ya tarar ƙosai ne na wake da aka soya da manja. Daga nan a kai shi tafkin Tororó ya ga manyan gumakan orisha a tsaye bisa ruwa, wataƙila kuma da dare a kai shi ɗaya daga cikin gidajen ibadar Kandombile ya ji ana waƙa da Yarbanci.

Dole a yaba wa wannan tsari ta fuska guda. A ƙasar da ta daɗe tana ƙoƙarin nuna kanta a matsayin ƴar Turai, birni ya fito fili ya ce Afirka ce uwarsa. Ba kyauta aka ba baƙaƙen Bahiya wannan matsayi ba. Har zuwa shekarar 1976 gidajen Kandombile na jihar sai sun nemi izinin ƴan sanda kafin su yi biki. Ƙungiyar Ilê Aiyê da aka kafa a 1974 ta sha suka a lokacin da ta fara fitowa bikin Karnabal da baƙaƙe zalla. Abin da baƙo ke kallo a yau sakamakon gwagwarmaya ne.

3.0 Tawayar da ke Cikin Labarin

Tawaya ta farko tana cikin sunan unguwar kanta. Kalmar pelourinho a harshen Fotugis na nufin turken da ake ɗaure mai laifi a yi masa bulala a bainar jama'a, kuma bayi ne suka fi shan wannan horo. A yau kalmar ta zama sunan wurin shaƙatawa, har ana taƙaita ta zuwa Pelô don nuna ƙauna. Ɗalibin ilimin ma'ana zai gane abin da ya faru: kalma ta rabu da ma'anarta ta asali har ta koma kishiyarta. Bugu da ƙari, gyaran da gwamnatin jihar ta fara yi wa unguwar a 1992 ya tashi talakawa masu yawa da ke zaune a cikinta, mafi yawansu baƙaƙe, aka mayar da gidajensu shaguna da wuraren cin abinci. Wato an fitar da jikokin bayi domin a sami wurin nuna tarihin bayi.

Tawaya ta biyu, wadda ta fi shafar wannan takarda, ita ce ta harshe. Kusan duk kalmar Afirka da baƙo zai ji an jaddada masa Yarbanci ce: orisha, ashe, ile, Shango, Oshun, Yemanja. Zai koma gida da tunanin cewa Afirkar Bahiya ƙasar Yarbawa ce da aka ɗauko aka dasa. Masana na Barazil su da kansu sun soki wannan. Beatriz Góis Dantas (1988) ta nuna yadda masu bincike da shugabannin wasu gidajen ibada suka haɗu wajen ɗaukaka al'adar Nago, wato Yarbawa, a matsayin ita ce tsantsar Afirka, sauran kuwa gauraye ne. Yeda Pessoa de Castro (2001) kuma ta nuna cewa kalmomin Afirka da suka fi nutsewa cikin Fotugis ɗin Barazil na yau da kullum daga harsunan Bantu suke, irin su Kimbundu da Kikongo. Misalansu su ne samba, da quilombo, da caçula, da dendê. Idan har an rage wa Bantu da Fon haƙƙinsu duk da yawan abin da suka bari, to ina ga Hausa?

A hanyar da aka saba bi, baƙo zai iya gamuwa da sunan Hausa a wuri ɗaya: takardar jerin abinci. Akwai wani girki da ake kira arroz de hauçá, wato shinkafar Hausawa. Shinkafa ce da ake dafawa ta yi laushi, a ci da soyayyen busasshen nama mai gishiri da albasa, sau da yawa tare da manja da busasshen jatan lande. Manuel Querino ya bayyana ta a littafinsa na girke-girken Bahiya da aka buga a 1928. Mutanen da suka hana gwamnoni barci shekaru kusan goma, abin da ya rage na sunansu a bakin jama'a shi ne kwanon shinkafa.

4.0 Hausawa a Bahiya

Hausawa sun fara isa Bahiya da yawa ne a farkon ƙarni na 19, a daidai lokacin yaƙe-yaƙen jihadin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara a 1804. Waɗanda aka kama a yaƙi, daga ɓangarorin biyu, da waɗanda aka sace a hanyoyin fatauci, an riƙa gangarawa da su ta ƙasar Nufe da ta Yarbawa zuwa tashoshin Ikko da Badagiri da Porto-Novo da Wida. A can jiragen Bahiya ke jiransu da taba. Pierre Verger (1968) ya bayyana yadda tabar Bahiya mai ƙaramar daraja, wadda ake shafa wa ruwan rake don kada ta bushe, ta zama hajar da ta fi karɓuwa a wannan gaɓa, abin da ya ƙulla Bahiya da ita fiye da sauran sassan Barazil. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya san da wannan ciniki, domin a cikin Infaƙul Maisuri ya koka da yadda ake sayar wa Yarbawa bayi daga ƙasarsa, su kuma su sayar wa Nasara. Wannan batu ne da bai kamata ɗalibi ya kau da kai daga gare shi ba. Bahaushen da ya tsinci kansa a Salbador ya bi ta hannun ƴan'uwansa baƙaƙe kafin ya isa hannun Bature.

A cikin birni, da yawa daga cikinsu sun yi aikin da ake kira ganho, wanda ya yi daidai da murgu a ƙasar Hausa. Bawa zai fita ya yi dako ko ɗaukar kujerar da ake ɗora masu hali, ya kawo wa ubangijinsa wani ƙayyadadden kuɗi, ya riƙe saura. Wannan ya ba su damar zirga-zirga da haɗuwa da juna, wasu har suka fanshi kansu.

Tsakanin 1807 da 1816 Hausawa ne kan gaba a tawayen bayi a Bahiya. A watan Mayu na 1807 gwamna Conde da Ponte ya gano wani shiri da suka ƙulla na tashi a ranar wani bikin Kirista, aka kama shugabanninsa, aka kuma sami kibau da bakuna da layu a gidan da suke taruwa. A Janairun 1809 bayi da suka gudu sun kai hari garin Nazaré. A ranar 28 ga Fabrairu 1814 kuma ɗaruruwa sun tashi, suka ƙone sansanonin masunta da ke kusa da Itapuã, aka yi asarar rayuka da yawa kafin sojoji su murƙushe su. Takardun shari'ar sun ambaci wani shugabansu mai suna João da laƙabin malomi, kalmar da ta yi daidai da malami.

Tawayen da ya fi shahara shi ne na daren 24 zuwa wayewar 25 ga Janairu 1835, cikin goman ƙarshe na watan azumi. Kimanin mutum 600, da yawansu sanye da fararen riguna da layu, suka fafata da sojoji da ƴan sanda a titunan birnin. An fara ne a wani gida da ke gangaren Ladeira da Praça, aka ƙare a gaban barikin sojan doki na Água de Meninos. An kashe ƴan tawaye sama da 70. A ranar 14 ga Mayu aka harbe huɗu a filin Campo da Pólvora, aka yi wa wasu ɗaruruwan bulala, aka kuma kori ƴantattu da yawa zuwa Afirka. Shi ne ake kira tawayen Male.

5.0 Littattafai Uku da Suka Gina Abin da Aka Sani

Duk abin da ɗan jagora zai faɗa game da Musulmin Bahiya, idan ma ya faɗa, daga wasu ƴan littattafai ya samo asali. Ya dace a auna uku daga cikinsu.

5.1 Francis de Castelnau (1851)

Castelnau ƙaramin jakadan Faransa ne a Bahiya daga 1848. Ya zauna da mutane sama da 20 da aka kawo daga ƙasar Hausa da maƙwabtanta, ya tambaye su garuruwansu da hanyoyin da suka bi, ya kuma tattara jerin kalmomi na Hausa da Fulatanci da wasu harsuna. Cikin waɗanda ya tattauna da su akwai wani tsohon malami Bafillace haifaffen Kano, Muhammadu Abdullahi, wanda ya shafe kimanin shekara 30 a Bahiya, ya fanshi kansa, yana aikin kafinta, har ya yi ƙoƙarin jawo jakadan zuwa Musulunci.

Darajar littafin ita ce a cikinsa ake jin waɗannan mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa da garinsu, Kano ko Katsina ko Zazzau ko Barno. Rauninsa kuwa yana rubuce a bangonsa, domin sunan littafin ya yi alkawarin labarin wata al'umma ta mutane masu wutsiya, wato Nyamnyam. Abin da jakadan ya fi ɗoki a kai ke nan, kuma ya yi ta tambaya har ya sami masu ce masa sun gani. Darasin da ke nan ga mai shirin fita aikin tattara bayanai a bayyane yake: tambaya ita ke haifar da amsa, musamman idan mai tambaya babban mutum ne, wanda ake tambaya kuma bawa ne. Hanyoyin fatauci da sunayen garuruwa da ke cikin littafin ana iya gwada su da wasu majiyoyi. Labarin wutsiya kuwa shaida ce a kan Castelnau, ba a kan Afirka ba.

5.2 Nina Rodrigues (1932)

Raimundo Nina Rodrigues likita ne kuma malami a makarantar koyon likitanci ta Bahiya. Ya rasu a 1906, aka buga littafinsa Os Africanos no Brasil bayan shekaru 26. Ya riski tsofaffin ƴan Afirka na ƙarshe a Salbador, ya rubuta kalmomi daga bakinsu a harsuna biyar: Hausa, da Barbarci, da Nufanci, da Gurunsi, da Jeje. Ba don shi ba, da babu wata shaida mai ƙarfi cewa ana jin Hausa a birnin har zuwa ƙarshen ƙarni na 19.

Amma ya yi aikin ne da aƙidar fifikon jinsi ta zamaninsa, wadda ta jera ƴan Adam hawa-hawa, Bature a sama. A cikin wannan tsani ya ɗora Hausawa da Yarbawa a kan mutanen Bantu, ya kuma fassara dukkan tawayen 1807 zuwa 1835 a matsayin yaƙin addini guda ɗaya da ya tsallako teku. Ɗalibin Hausa na iya jin daɗin wannan yabo. Ya kamata ya tuna cewa yabon daga ma'aunin da ya ƙasƙantar da baƙar fata gaba ɗaya ya fito, kuma wanda ya karɓi yabon ya karɓi ma'aunin. Abin lura kuma, gidan tarihin Afirka da Barazil da aka buɗe a 1982, wanda ake kai baƙi, yana cikin tsohon ginin makarantar da Nina Rodrigues ya koyar.

5.3 João José Reis (1986)

Littafin Reis, Rebelião escrava no Brasil, wanda aka faɗaɗa a bugun 2003, shi ne madogara a yau. Ya bi takardun ƴan sanda da na kotu ɗaya bayan ɗaya, ya fito da sakamakon da ya rushe wani ɓangare na ra'ayin Nina Rodrigues. Kimanin bakwai cikin goma na waɗanda aka gurfanar a 1835 Yarbawa ne, Hausawa kuwa kusan ɗaya cikin goma. Dalili shi ne, tun daga boren Ilori na 1817 da yaƙe-yaƙen da suka rusa daular Oyo, Yarbawa ne suka cika jiragen bayi. Cikin malaman da aka ambata a shari'ar akwai Bahaushe guda sananne, Elesbão do Carmo da ake kira Dandará, ƴantacce mai sayar da taba. Haka kuma wanda hukuma ta kira ya karanta mata takardun Larabcin da aka ƙwace wani bawa ne Bahaushe mai suna Albino. Wato an sami Bahaushe a gefen masu tawaye, an kuma same shi a teburin masu bincike. Reis ya bayyana tawayen a matsayin abin da addini da ƙabila da halin bauta suka haɗu suka haifar. A wata maƙala da ya buga da Faransanci a mujallar Annales a 2006 game da shirin 1807, ya yi kashedi da ɗaukar kowane Bahaushen Bahiya a matsayin mabiyin Shehu. Paul Lovejoy da Alberto da Costa e Silva sun ba tasirin jihadi nauyi fiye da yadda Reis ya ba shi, kuma muhawarar tana da amfani ga ɗalibi.

Iyakar littafin ita ce iyakar majiyarsa. Maganar da ke cikin takardun kotu magana ce ta mutanen da ke tsoron bulala ko kisa, wadda magatakarda ya rubuta da Fotugis yadda kunnensa ya ji. Reis ya san da haka, ya kuma yi taka-tsantsan. Duk da haka, wanda ya san Hausa da allo da ajami zai iya ganin abin da masanin tarihin Barazil zai wuce. Takardun Larabcin suna nan a ma'ajiyar takardun tarihi ta jihar Bahiya. Vincent Monteil (1967) da Rolf Reichert (1970) sun nazarce su, suka tarar mafi yawansu ayoyin Alƙur'ani ne da addu'o'i, wasu da hannun gwanaye, wasu da hannun ƴan koyo.

6.0 Kalmomin da Suka Rage da Dalilin Mutuwar Harshen

Kalmomin da Musulmin Bahiya suka bari kaɗan ne, kuma tantance asalinsu na buƙatar haƙuri. Male daga imale ta Yarbanci take. Alufá ma ta hanyar Yarbanci ta shiga. Abadá, farar rigar ƴan tawayen 1835, daga agbada take, a yau kuma ita ce sunan rigar da ake saya don shiga ayarin Karnabal. Limano da tessubá da mussurumim sun yi kama da liman da tasbaha da Musulmi, amma tushensu Larabci ne, kuma akwai irinsu a Yarbanci da Nufanci. Kamanni kaɗai ba ya tabbatar da cewa ta bakin Bahaushe suka shiga.

Rubutun Fotugis ya ƙara dagula lamarin. Sunan Hausa kansa an rubuta shi ussá da aussá da haussá da hauçá, domin ba a furta harafin h a farkon kalma a wannan harshe. Ba ya bambanta d da ɗ, ko k da ƙ, ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Saboda haka mai ganin sunan Dandará zai yi saurin karanta ɗan a farkonsa ya nemo masa gari ko sana'a, alhali rubutun bai ba shi wannan tabbaci ba. Haka abin yake ga shinkafar Hausawa. Laushinta na tuna wa mutum tuwon shinkafa, amma manja da jatan lande kayan gaɓar teku ne. Sunan ya tabbatar da cewa mutanen Bahiya sun danganta girkin da Hausawa. Bai tabbatar da cewa haka ake dafa shi a Kano ko Damagaram ba.

To me ya sa Yarbanci ya bar waƙoƙi, Hausa kuwa ta bar suna kawai? Ana iya kawo dalilai biyar. Na farko, Lovejoy (1994) ya nuna cewa kusan dukkan waɗanda aka kai daga ƙasar Hausa da kewayenta maza ne baligai, domin mata da yara an fi riƙe su a gida ko a tura su arewa ta Sahara. Harshen da ba shi da iyaye mata ba ya samun ƴaƴa. Na biyu, yawan Yarbawa ya sa harshensu ya zama na hulɗa tsakanin ƴan Afirka na birnin. Na uku, ibadar Bahaushe Musulmi da Larabci ake yin ta, don haka ko da addinin ya ɗore ba lallai ne ya riƙe Hausa ba, alhali orisha da Yarbanci ake kiransu, kuma gidan ibada ya zama makarantar da ke miƙa waƙa daga tsara zuwa tsara. Na huɗu, bayan 1835 mallakar takarda mai rubutun Larabci kaɗai ta isa ta jefa mutum cikin tuhuma, sai addinin ya koma ɓoye. Abdurrahman al-Bagadadi, limamin da ya sauka Barazil a 1866 ya kuma ziyarci Bahiya, ya tarar ƴaƴan Musulmi da yawa suna komawa Kiristanci. Na biyar, bayan dokar 1850 da ta tsayar da shigo da bayi, Yarbawa sun ci gaba da zirga-zirga tsakanin Salbador da Ikko suna cinikin goro da tufafi, ƙasar Hausa kuwa tana can nesa da teku. A farkon shekarun 1960 ma an fara koyar da Yarbanci a cibiyar nazarin Afirka da Gabas ta jami'ar Bahiya, wadda aka kafa a 1959.

Wannan ya saɓa wa abin da ɗalibi ya saba ji, cewa rubutu ne ke tsare harshe. A Bahiya masu allo da tawada ne harshensu ya ɓace, masu ganga da waƙa kuwa nasu ya bar gurbi. Abin da ke riƙe harshe shi ne jama'ar da ke da dalilin yin amfani da shi, da wurin da za su koya wa na baya. Ko Yarbancin ma a matsayin harshen ibada ya rayu, ba na hira a gida ko ciniki a kasuwa ba.

7.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa labarin da Salbador ke ba maziyarci ya ginu ne a kan abin da ya rayu, kuma ya dace da ido da kunne. Abin da aka murƙushe, irin su Hausa da allo, ba shi da ganga ko launi, don haka ba ya shiga hoto. A shekarun baya-bayan nan an sami sauyi, domin ƙungiyar Malê Debalê tana ɗauke da sunan ƴan tawayen tun 1979, littafin Ana Maria Gonçalves na 2006, Um defeito de cor, ya kai labarinsu ga masu karatu da yawa, an kuma nuna fim ɗin Malês na Antônio Pitanga a 2024. Sai dai 1835 ake tunawa, wato shekarar Yarbawa. Shekarun 1807 da 1809 da 1814 har yanzu sun fi zama a littattafan masana.

Gyaran wannan giɓi ba zai samu ta hanyar ƙwace 1835 a ba Hausawa ba, ko ta hanyar ganin Hausa a cikin kowace kalma mai kama da ita. Ɗalibin da ya sami zuwa Salbador ya kamata ya bi hanyar da ake bi da kowa, sannan ya ƙara da tasa: gangaren Ladeira da Praça, da Água de Meninos, da Campo da Pólvora, da Itapuã, da ma'ajiyar takardun jihar. Wanda bai sami zuwa ba kuwa yana da aiki a kusa. Littafin Castelnau da Faransanci yake, kuma jerin kalmominsa da na Nina Rodrigues suna jiran wanda zai gwada su da karin harshen Kano da Katsina da Gobir da Zazzau, ya gano daga ina masu maganar suka fito. Haka kuma zuriyar waɗanda suka komo daga Barazil suna nan a Porto-Novo da Wida da Ikko da Akra, kuma babban masallacin Porto-Novo, wanda aka gina bisa fasalin majami'un Bahiya, bai fi tafiyar awa ɗaya ko biyu daga Kwatano ba.